Amsoshin Tambayoyinku: Ruwan Burtsatse Garai-Garai Zai Iya Ɗauke da Guba?

Tambaya: Ni malamin firamare ne, kuma ni ke riƙe da kuɗin kwamitin rijiyar burtsatsen unguwarmu. Na ji a rediyo cewa a wata ƙasa ruwan burtsatse ya jawo wa mutane ciwon daji saboda wata guba da ake kira arsenik. Namu ruwan fes yake, ba wari, ba bauri. Shin da gaske ne? Ita ce gubar da ta kashe yara a Zamfara? Kuma in an tafasa ruwan tana fita? (Daga wani mai karatu a Gusau)

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, kuma ina kyautata zaton Bangladesh ake nufi, don can ne abin ya fi muni. Sai dai bari in fara raba maka gubobin nan biyu. Wadda ta hallaka yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a shekarar 2010 gubar dalma ce, daga ƙurar duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Arsenik wani sinadari ne daban, wanda Allah Ya halitta a cikin wasu duwatsu da laka. A ruwan sha ba ya kayar da mutum nan take. A hankali yake cin jiki, shekara da shekaru, mai shi yana ta harkarsa.

Labarin Bangladesh akwai ban tausayi, domin da kyakkyawar niyya aka fara. Mutanen karkara suna shan ruwan kududdufi da na kogi, amai da gudawa na ta ɗibar yara. Daga shekarun 1970 gwamnati da UNICEF suka dage da haƙa rijiyoyin famfon tuƙa-tuƙa, daga baya jama'a suka ci gaba da haƙa nasu, har suka kai miliyoyi. An duba ruwan ba ƙwayoyin cuta, aka yi murna, amma ba a auna arsenik ba. Ashe lakar da koguna suka kwaso daga tsaunukan Himalaya tana ɗauke da shi, manne da tsatsar ƙarfe. A can ƙarƙashin ƙasa inda iska ba ta kaiwa, ƙananan halittu suna narkar da tsatsar, sai arsenik ya saki ya shiga ruwa. Wani likitan fata a Kolkata, Dakta K. C. Saha, shi ya fara gane alamun a jikin marasa lafiya daga Yammacin Bengal ta Indiya a 1983. Ba a tabbatar da shi a Bangladesh ba sai 1993, a Chapai Nawabganj. Zuwa shekarar 2000 wani rahoto a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 zuwa 77 na cikin haɗari.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya, wato maganarka ta cewa ruwanku fes yake. Arsenik ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Ruwan da ya kwantar da mutanen Bangladesh garai-garai yake fitowa, har da sanyinsa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce maikirogiram 10 a kowace lita, bayan ta sauko da ita daga 50 a 1993. In kana so ka ga ƙanƙantar abin, kamar ka narka giram ɗaya tak ne a cikin ruwa cike da tankar mai uku. Wane ido ne zai ga wannan? Hukumar ta ƙiyasta mutum miliyan 140 a ƙasashe aƙalla 70 suna shan ruwan da ya haura wannan iyaka.

Fata ce takan fara tona asiri, galibi bayan shekara biyar ko fiye ana sha. Sai a ga ɗige-ɗigen baƙi da fari a ƙirji da baya, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, da 'yan ƙuraje masu tauri kamar tsaba. Manomi zai ɗauka kantar fartanya ce. Wasu kuma maƙwabta suka ɗauka kuturta ce, aka riƙa ƙyamarsu, har aure ya riƙa mutuwa a kan cutar da ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. A kudu maso yammacin Taiwan kuwa arsenik ya riƙa toshe jijiyoyin jinin ƙafa, ƙafa ta yi baƙi ta ruɓe, sai an yanke.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wanda fata ba ta nunawa. An tabbatar arsenik yana haddasa ciwon dajin fata, da na huhu, da na mafitsara, kuma an danganta shi da ciwon zuciya da ciwon suga. A Araihazar ta Bangladesh masu bincike sun bi mutum wajen 12,000 tun daga shekarar 2000, suka wallafa a mujallar Lancet a 2010 cewa kusan ɗaya cikin biyar na mace-macen da aka yi a cikinsu yana da nasaba da arsenik ɗin ruwa. Birnin Antofagasta na Chile ya nuna tsawon igiyar abin. Daga 1958 zuwa 1970 mutanen birnin sun sha ruwa mai fiye da maikirogiram 800 a lita. An gina matata, ruwa ya gyaru, amma shekara 40 bayan haka ciwon dajin huhu da na mafitsara bai koma daidai ba, har a cikin waɗanda suna ciki ko suna goye lokacin da aka sha ruwan. Mai shan taba kuma haɗarin huhunsa ya fi na kowa.

Batun tafasawa: a'a, Malam. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta ne, arsenik kuwa ba rai gare shi ba. Tururi ya tashi, shi ya zauna a tukunya, har ma ya ɗan ƙara ƙarfi tunda ruwan ya ragu. Tacewa da ƙyalle ba ta kama shi. Alif yakan rage wani abu, amma ba abin da za ka jingina lafiyar iyali a kansa ba ne. Ƙarfe ne ya fi kama shi, shi ya sa matatar Sono, wadda masani ɗan asalin Bangladesh Abul Hussam ya ƙirƙiro da bokitai da yashi da gawayi da ɓarɓashin ƙarfe, ta ci kyautar dala miliyan ɗaya a Amurka a 2007.

To ku fa? Kada wannan amsa ta sa kowa ya bar burtsatse ya koma tafki. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, don kwalara ba ta jiran shekara biyar. Yawancin rijiyoyin duniya lafiyarsu ƙalau. Amma a Afirka ta Yamma arsenik yakan bi duwatsun da ke ɗauke da zinariya. An same shi da yawa a wasu rijiyoyin burtsatse na lardin Yatenga a arewacin Burkina Faso, da kuma ruwan kewayen mahaƙar Obuasi a Ghana. Wanda ke zaune a ƙasar zinariya irin taku yana da dalilin gwada ruwansa fiye da wani.

Tunda asusun kwamiti na hannunka, ka kai maganar gaban taro a ware kuɗin gwaji. Ku tuntuɓi hukumar samar da ruwan sha ta jiha ko sashen kimiyyar sinadarai na jami'a, su gaya muku irin kwalbar da za a ɗebi ruwan. Ku ambaci arsenik da sunansa, ku haɗa da dalma, domin gwajin da aka saba yi yakan tsaya ne a kan ƙwayoyin cuta. Kuma sakamakon rijiyar maƙwabta ba naku ba ne. A Bangladesh an sha samun rijiya biyu a ƙauye ɗaya, 'yan taku kaɗan tsakani, ɗaya da guba, ɗaya lafiya, shi ya sa aka riƙa shafa wa bakin famfo fenti, ja ko kore. In aka ce taku ta haura iyaka, ba sai an rufe ta ba. A yi wanka da wanki da ita, tunda abin da ke ratsa fata kaɗan ne ƙwarai, amma sha da girki da haɗa wa jarirai abinci a nemi wata rijiyar da aka gwada, ko ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta. Duk wanda kuma ya ga irin tabon nan a jikinsa ko kanta a tafin da ba ya aikin ƙarfi, ya je asibiti ya gaya wa likita daga ina yake ɗibar ruwa da tsawon shekarun da ya yi yana sha.