Idan Ɗanmu Zai Je Intabiyu A Kamfanin Inshora Alhali Bai Taɓa Aikin Ofis Ba



Darasinmu na wannan fitowa a kan yaro ne, ko yarinya, da ya gama sakandare ko ya gama bautar ƙasa, ya kai takardun neman aiki wurare da dama har ya fara cire rai, sai ga saƙo a waya cewa wani kamfanin inshora yana kiransa intabiyu ranar kaza. Ranar farko murna. Kashegari sai tsoro ya shigo: "In suka tambaye ni wane aiki na taɓa yi, me zan ce?" Mu da muke zama da matasa a aikin sa-kai muna yawan jin wannan tambaya, daga Nima da Mamobi a Ankara har Aboabo da Asawase a Kumasi. Abin da muka lura shi ne yawancin 'ya'yanmu sun taɓa yin aikin da kamfanin ke nema, sai dai ba su ɗauke shi aiki ba, don ba a kan tebur aka yi shi ba.

Mu fara da sanin hajar. Mai shinkafa yana buɗe buhu a gani, mai atamfa yana warware turmi a taɓa. Mai inshora alkawari yake sayarwa: ka ba ni kuɗi kaɗan yau, in masifa ta same ka gobe zan biya ka. Wanda zai sayar da alkawari dole mutane su yarda da shi, dole ya iya riƙe kuɗin wani ba tare da hannunsa ya yi ƙaiƙayi ba, kuma dole ya iya jin "a'a" sau ashirin a yini ya ƙwanƙwasa ƙofa ta ashirin da ɗaya. Waɗannan abubuwa uku masu intabiyu ke laluba a jikin sabon shiga. Sauran, su za su koya masa.

To, yanzu mu duba gidajenmu. Yarinyar da ta shekara huɗu tana tsare shagon mahaifiyarta bayan makaranta, tana rubuta masu bashi a littafi, tana bin su cikin ladabi har su biya. Yaron da ya zauna a rumfar momo, kuɗin mutane na shiga suna fita ta hannunsa, da yamma ya yi lissafi da maigidansa babu giɓi. Wadda ke zagaya kasuwa tana karɓa wa ƙanwar uwarta kuɗin susu, ko ta riƙe wa matan layi adashi. Wanda ke koyar da ƙananan yara a makarantar allo ko Islamiyya, yana fama da iyaye a kan kuɗin wata. Duk waɗannan gogewa ce, kuma ta fi ta wani mai digirin da bai taɓa karɓar kwabon kowa ba.

Matsalar tana wajen faɗa. Ɗanmu zai ce, "Ina dai taimakon mamata a shago," ya yi shiru. Ya kashe kansa da kansa. Mu koya masa ya sa lamba a maganar, ya kuma kawo labari guda ɗaya mai kai da gindi. Misali ya ce: shekara uku nake tsare shagon kayan masarufi, ni ke riƙe littafin bashi na mutum wajen arba'in, akwai wata da ta wata biyar ba ta biya ba, na je na zauna da ita muka raba kuɗin kashi-kashi duk Juma'a, ta biya duka kuma har yau a wurinmu take saye. Lambobin su zama nasa na gaskiya, kada ya ari namu. Mai intabiyu da ya ji haka ya ga mai bin bashi, mai haƙuri, wanda bai kori abokin ciniki ba. Kada yaro ya ƙirƙiro kamfanin da bai taɓa yi wa aiki ba. Kiran waya ɗaya ya isa ya tona, kuma sana'ar da aka gina a kan amana ba ta yafe wa wanda ya shigo ta da ƙarya.

Bayan wannan sai karatu, kuma kwana uku sun isa in an dage. Abu na farko, ya san wane irin kamfani ne ya kira shi. A Gana, tun dokar inshora ta 2006, an raba kamfanonin inshorar rai da na inshorar dukiya. Shi ya sa ake ganin SIC Insurance da SIC Life, Enterprise Insurance da Enterprise Life, Star Assurance da StarLife: suna ɗaya, hajar daban. Wanda ya shiga kamfanin inshorar rai yana ta bayanin mota ya nuna bai ko duba allon ƙofar ba. Ya san kuma cewa hukumar da ke kula da harkar ita ce NIC, dokar da ke aiki yanzu ita ce ta 2021 mai lamba 1061, kuma wakilin da ke sayar da inshora sai da lasisin hukumar. Inshorar lafiya ta NHIS da fanshon SSNIT na gwamnati ne, kowanne da hukumarsa, kada ya cakuɗa su da wannan.

Akwai kalmomi 'yan kaɗan da za a yi ta jefawa. Firimiyam shi ne kuɗin da mutum ke biya. Folisi ita ce takardar yarjejeniyar. Kilem shi ne neman diyya bayan abu ya faru. A mota akwai tad-fati, wanda dokar 1958 ta wajabta wa kowace mota da ke hawa titi, kuma wanda aka buge yake biya, ba mai motar ba. Akwai kuma cikakkiyar inshora wadda ta haɗa da gyaran motar shi kansa. Direbobin trotro da yawa a zango suna zagin kamfani a kan wannan bambanci kawai, don babu wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani. Tun 2014 ƙa'ida ita ce in ba a biya firimiyam ba babu kariya, kuma tun 2020 ana shigar da inshorar kowace mota a rumbun bayanan hukumar don a gane takardar jabu. Yaron da ya ambaci waɗannan biyu a natse, za a san ya yi aikin gida.

Muna so mu ɗan daɗe a kan wani lissafi, don yana raba wanda ya haddace da wanda ya gane. Ka ɗauka mai shago yana da kaya na sidi 100,000, amma don ya rage abin da zai biya sai ya rubuta 50,000. Gobara ta ci kayan 40,000. Yana zaton za a ba shi 40,000 tunda bai kai 50,000 ba. A yawancin takardun inshorar gobara ba haka ba ne: tunda rabin kayansa ya sa, rabin asarar za a biya, wato 20,000. Daga nan sai ya zagaya kasuwa yana cewa inshora damfara ce. Wa ya jawo? Wakilin da ya bar shi ya rubuta ƙaramar lamba don ya yi saurin rufe ciniki. Haka kuma inshorar dukiya ba ta riba ba ce, tana mayar da mutum inda yake kafin asara ne kawai. Kuma mutum ba ya yi wa shagon maƙwabcinsa inshora, sai abin da asararsa za ta taɓa shi. In aka tambayi ɗanmu "me ya sa mutane ba sa yarda da inshora?", wannan misali ya fi kowace doguwar magana.

Sau da yawa akan miƙa wa mai neman aiki alƙalami, ko a ce, "Ga ni, ni mai shago ne, sayar mini." A nan ɗan kasuwa ya kamata ya fi kowa. Mun san ba a fara ciniki da yabon kaya. Ana farawa da tambaya: Alhaji, kayan nan naka ne ko na bashi ne? In Allah ya kawo tsautsayi, Allah ya kiyaye, da me za ka tashi? Kowa ya tuna gobarar Kantamanto ta watan Janairun 2025 da yadda 'yan gwanjo suka wayi gari babu komai. Sai dai a ambace ta da tausayi, ba don tsoratarwa ba.

Ɗan zango yana da wata riba da bai kamata ya ɓoye ba. Yana jin Hausa, galibi yana jin Tonanci, wani yana jin Ga ko Dagbani, ga Turanci. Ya kuma san mutanensa. A Gana inshorar jana'iza tana da kasuwa sosai, amma mu mamacinmu ba ya kwana da yawa, ba ma yin akwati mai tsada. Yarinyar da za ta ce wa masu intabiyu, "A unguwarmu ba jana'iza ke damun mutane ba, kuɗin makarantar yara ne, da mota, da babur, da kayan shago," ta ba su abin da ba su da shi a fayil.

Sai maganar kunya. Mun rene su a kan cewa ƙaramin yaro ba ya kallon babba cikin ido, ba ya ɗaga murya, ba ya yabon kansa. Tarbiyya ce mai kyau, ba ma so ta ɓace. Amma a ɗakin intabiyu wanda ya sunkuyar da kai yana magana ƙasa-ƙasa, za a ce ba zai iya tunkarar baƙo ba. Iyaye, ku gaya musu da bakinku cewa a wannan ɗakin an yarda su ɗaga kai. Mai hijabi ta je da hijabinta a goge. In ba ta musabaha da maza, ta sa hannu a ƙirji ta gaisa da fara'a tun kafin a miƙo hannu, shi ke nan. Maganar lokacin sallar Juma'a a bar ta sai an zo batun sharuɗɗan aiki, a kuma yi ta a fili.

A ƙarshen intabiyu sukan ce, "Kana da tambaya?" Kada ya ce babu. Mafi yawan guraben da ake ba sabon shiga na talla ne, kuma da yawansu kamasho ne zalla, ko kamasho da ɗan kuɗin mota na 'yan watanni. Ya tambaya cikin ladabi: aikin na albashi ne ko na kamasho? Wa zai biya kuɗin horo da lasisi? Folisi nawa ake so a wata? In wanda na shigar ya daina biya bayan wata uku, za a cire kamashon da aka ba ni? Wannan ta ƙarshe ita ce mai zafi a inshorar rai, kuma ita ce yaranmu ba sa tambaya. Sai ka ga yaro ya shigar da kawunsa da gwaggonsa da duk 'yan layi a watan farko, a wata na huɗu ba shi da sabon mutum, tsofaffin sun daina biya, an fara yi masa kallon wanda ya ci kuɗin dangi. Aikin kamasho ba aibu ba ne, mu 'yan kasuwa da shi muka girma, amma mutum ya san abin da ya shiga. Wanda kuma ya ce a turo kuɗi ta momo kafin a ba da ranar intabiyu, ɓarawo ne. A duba sunan kamfanin cikin jerin waɗanda NIC ta ba lasisi kafin a biya ko kuɗin mota.

Mun san akwai dattijon da tun farkon karatun nan yake cewa a ransa, "Shin aikin ma ya halatta?" Tambaya ce mai nauyi, kuma mu ba masu fatawa ba ne. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana inshorar kasuwanci saboda gararin da ke cikinta, ta halatta ta taimakon juna. Wasu malamai, irin su Shaihu Mustafa az-Zarƙa na Siriya, sun halatta ta. Daga wannan muhawara aka samu takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya, kamfani yana kula da shi, ba a juya kuɗin a harkar riba. Kamfanin farko na irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979, kuma a Najeriya akwai Jaiz Takaful da Noor Takaful. Malamai da yawa suna kuma bambanta wadda doka ta tilasta, kamar ta mota, da wadda mutum ya zaɓa. Shawararmu ita ce gida ya zauna da malamin da ya yarda da shi kafin ranar intabiyu, a gaya masa ainihin aikin, talla ne ko rubutu ko lissafi, kuma wace irin inshora. Yaron da zuciyarsa ke rabe biyu ba zai iya sayar da komai ba, a fuskarsa za a gani.

Dattawa, akwai rabonku guda biyu. Na farko, wasu kamfanoni suna neman mai tsaya wa wakili. In an kawo muku takarda, ku sa a karanta muku ita duka kafin ku sa hannu, don in kuɗin mutane suka ɓata a hannun yaron ku za a nema. Ku kuma ja masa kunne kada ya taɓa karɓar firimiyam a lambar wayarsa, sai ta hanyar kamfani da rasit. Na biyu, ku yi masa gwaji. Bayan isha'i a ajiye kujeru uku a tsakar gida, a kira yayansa ko malamin makarantar boko na layi, a yi masa tambayoyin da Turanci kamar gaske: gaya mana kai wane ne, me ya sa inshora, me za ka yi in an zage ka a bakin shago. A maimaita dare biyu ko uku har muryarsa ta daina rawa.

Daren ranar ya haɗa katin Gana, takardar sakamakon WASSCE ko ta babbar makaranta da kwafinsu, takardar bautar ƙasa in ya yi, hoton fasfo biyu, da lambobin mutum biyu da aka riga aka sanar da su cewa za a iya kiransu. In ofishin a Ridge yake ko a Adum, ya je ya gano ƙofar kwana ɗaya kafin lokaci, sannan ranar ya fita tun bayan asuba, kafin cunkoson safiya ya tsayar da trotro.