Labarin Da Yashi Ke Bayarwa

Da rani ya yi, ruwan kogin Wudil ya janye, muka sauka ƙarƙashin gada muka duba yashi. Muka iske shi ya kwanta layi layi, kamar kunyoyin gona ƙanana. Kowace kunya gefe guda a kwance yake, gefe guda a tsaye, na tsayen kuwa kullum yana fuskantar gabas, inda ruwa ya nufa, wajen Haɗeja. To, ashe ko ruwa ya tafi ya kan bar shaidar hanyar da ya bi.

Muka ɗebo yashi da laka da 'yar tsakuwa muka zuba a kwalba, muka cika ta da ruwa, muka girgiza, muka ajiye. Tsakuwa ta fara sauka, sa'an nan yashi, laka kuwa sai da ta kwana. Ku gwada wannan da yaranku a aji, ba ya cin ko kwabo.

Da irin waɗannan alamu masana duwatsu ke gane siffar ƙasan teku na zamanin da. Wani lokaci yashi da laka su kan taru a bakin gangaren teku, har su goce su gangara cikin zurfi da gudu, kamar ambaliya a ƙarƙashin ruwa. A 1929 aka yi girgizar ƙasa a teku kusa da Kanada, wayoyin tangarahu 12 da ke shimfiɗe a ƙasan ruwa suka tsinke. Na kusa suka yanke nan take, sauran kuwa bi da bi, na ƙarshe sai bayan sa'a 13. A 1952 Heezen da Ewing suka nuna cewa ambaliyar laka ce ta bi ta kansu.

In irin wannan ambaliya ta lafa, sai kayanta su kwanta yadda suka yi cikin kwalbarmu, mai nauyi ƙasa, mai laushi bisa. Bayan shekaru miliyoyi su zama dutse. Mai bincike ya auna kaurin kowane shimfiɗi wuri wuri. Inda ya yi kauri, nan kwari ne dā; inda ya sirance har ya ƙare, nan tudu ya tare shi. Ƙarƙashinsa kuma a kan ga gurabu masu kama da cokali, waɗanda ruwa ya ƙwaƙule cikin laka, wajen mai zurfi yana duban inda ambaliyar ta fito.

Ƙasarmu ma teku ya taɓa rufe sashenta. Farar ƙasar Ashaka da ta Kalambaina ta Sakkwato, waɗanda a ke siminti da su, cikin teku suka kwanta, ga ɓawon dabbobin ruwa nan a ciki. Amma kada mu yi wa yara ƙari, wannan teku ba mai zurfi ba ne. Yashin mai zurfin yana can kudu, gaban bakin Kwara. A Bonga, kamar kilomita 120 daga gaɓa, ƙarƙashin ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000, cikin tsohon yashin ambaliya a ke jawo man fetur tun 2005, wanda bai san inda yashin ya bi ba kuwa, rijiyarsa sai ta faɗa cikin laka.