Kazar da Wuyanta Ya Saki

Da damina akan wayi gari a tarar da kaza kwance a gindin rumbu, ƙafafu sun kasa ɗaukarta, fukafukai sun zube, wuya ya saki har kai ya taɓa ƙasa, idanu a lumshe. Nan da nan sai mai gida ya ce annobar Niyukasil ce ta shigo. Ba kullum ba ne.

Akwai wani ciwo da likitocin dabbobi ke kira botulizim. Wata ƙwayar cuta ce da ke zaune cikin ƙasa, wadda wani likitan Beljiyam, van Ermengem, ya gano a 1895. In ta sami mushen ɓera ko na kaza yana ruɓa cikin zafi, sai ta yi dafi a ciki. Tsutsotsin da ke cin mushen su kan kwashi dafin, ba ya kashe su. Kaza kuwa ba ta ganin tsutsa ta wuce. To, cikin kwana 1 ko 2 sai jijiyoyinta su mutu.

Niyukasil takan murɗe wuya, ga tari ga koren zawo, tana kuma bin garke. Wannan kuwa sakin wuya yake yi, gashi ya riƙa tugewa da an taɓa, kuma kaza ba ta shafa wa 'yar'uwarta.

Don haka mai kaji ya fara da bin juji da bakin kududdufi. Mushen da ya gani, ya ƙone shi ko ya binne da zurfi. Marar lafiya a kai ta inuwa, a riƙa ɗiga mata ruwa mai tsabta a baki, a hankali kada ta shaƙe. Wadda ba ta ci dafi da yawa ba takan tashi.