Wane Littafi Ne Zai Sa Tsigar Jiki Ta Tashi?

Wata ɗaliba daga Kwarbai, cikin birnin Zariya, ta rubuto tana cewa: "Malam, littattafan ban tsoro da nake samu duk jini ne da ihu, ina gamawa in yi barcina. Wanne zan karanta in ji tsoro na gaske?"

Ƙanwata, matsalar tana wajen zaɓi. Jini ƙyama yake sawa, ita kuwa ƙyama nan da nan take gushewa. Tsoron da ke zama a zuciya shi ne wanda ya fito daga abin da kika sani: hassadar makusanci, ramuwar gayya, mutuwar wanda ake so. Shi ya sa labarin maye ya fi tatsuniyar dodo razana manya, don maye maƙwabci ne, da shi ake gaisawa kullum.

Ki fara da na gida. Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta a shekarun 1930, a nan Zariya aka samar da shi. Attajiri Malam Shehu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu, Abubakar ya shiga duniya neman asiri, sammun kuma ya faɗa kan yaron da bai san hawa ba, bai san sauka ba. Babu fatalwa a ciki, amma ganin yadda ƙiyayya ke cin mai ita da wanda aka yi dominsa ya isa ya hana ki sukuni.

Idan kina karanta Turanci, nemi My Life in the Bush of Ghosts na Amos Tutuola, na 1954: yaro ɗan shekara 7 ya tsere wa yaƙi, ya faɗa dajin fatalwowi. Sai The Reluctant Dead na Nuzo Onoh, na 2014, labaran matattun da suka ƙi kwanciya a ƙasar Ibo.

Daga Amurka, biyu sun wadatar. The Haunting of Hill House na Shirley Jackson, na 1959, ba ya nuna miki komai ƙarara, har ki rasa gane ko gidan ne da aljanu ko jarumar labarin ce ta taɓu. Pet Sematary na Stephen King, na 1983, labarin uba ne da ya ƙi karɓar ƙaddarar rasuwar ɗansa. Shi ya fi nauyi, kada ki taɓa shi in kin yi rashi kwanan nan.

Ki duba masu sayar da littattafai a Sabon Gari, ko ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru in kina da dama. Ki karanta a natse, babi ɗaya ko biyu a zama guda, waya a ajiye. Duk ƙagaggun labarai ne, kada su sa ki zargi wata tsohuwa a unguwa da maita, kada kuma ki bar wa ƙannenki. In mafarkai suka dame ki, ki dakata, ki koma karatun rana.