Yadda Ake Shirya Kwamfutar Mai Rubuta Manhaja a Kazaure

Ɗalibin da ya zo Kazaure daga Roni ko Gwiwa ko Babura don koyon rubuta manhaja, a makarantar Informatics ne ko a kwalejin Hussaini Adamu, galibi da kwamfuta tokunbo yake farawa. An sayo ta a Kano, batirinta ya gaji, data kuma ba ta arha. Irin wannan kwamfuta tana yin aiki ƙwarai, muddin an ɗora mata 'yan ƙananan kayan aiki tun ranar farko. Dukansu kyauta ne, kuma mafi yawansu filashi ɗaya ya ishe su.

Ba zan tsaya kan sanya Windows da VS Code da Git ba, wannan kowa ya sani. Sai dai ka kunna ajiyar kai-tsaye a VS Code kafin ka rubuta ko layi ɗaya, domin batirin nan ba ya sallama idan an ɗauke wuta.

Daga nan sai Everything. Maimakon ta bi folda-folda tana lalube, teburin sunayen fayiloli na NTFS take karantawa, shi ya sa kafin ka gama buga suna ta fito maka da fayil ɗin. Filashi mai tsarin FAT32 ba ya shiga da kansa, sai ka ƙara shi da hannu. Sai 7-Zip, wadda Igor Pavlov ya fitar a 1999, don matse aiki kafin a tura. Sai Ditto. Windows tana da nata ma'ajin abin da ka kwafa, a Win+V, amma guda 25 kawai yake riƙewa, kuma da an sake kunna kwamfuta ya watsar da duk abin da ba ka maƙale ba. Ditto kuwa tana tuna abin da ka kwafa jiya.

Zeal ita ce nake roƙon kowa kada ya tsallake. Tana ajiye littattafan bayanin PHP da Python da JavaScript a cikin kwamfuta, ka duba ba tare da intanet ba. Mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa. Haka ilimin nan yake yawo tsakanin ɗalibai tun da can, daga filashi zuwa filashi, kuma wanda zai koma ƙauye hutu inda sabis ke rawa ya fi kowa sanin darajarta.

Yanzu ga inda aikin yake. Manhajar da ake ba yaranmu kwangila ta rajistar makaranta ce, ko lissafin kanti, ko jerin membobin ƙungiyar manoma. Sunaye ne cike da ƙugiya: Ɗanladi, Baƙo, Ɗahiru. Kibod ɗin tokunbo ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, sai yara su riƙa shiga intanet suna kwafo harafi ɗaya-ɗaya, ko su haƙura su rubuta sunan mutum ba daidai ba. Wannan yana yi mini ciwo. Wanda ya iya gina manhaja bai kamata harafin harshensa ya gagare shi ba.

Maganin shi ne AutoHotkey, wadda Chris Mallett ya soma a 2003. Ka sauke siga ta 2, wadda ta fito a Disambar 2022, domin rubutunta ya bambanta da na siga ta 1, kuma tsofaffin misalan da ke yawo ba za su yi aiki a kanta ba. Ka buɗe fayil, ka sa masa suna hausa.ahk, ka rubuta:

>!k::SendText "ƙ"
>!+k::SendText "Ƙ"

Ma'anarsa, Alt na dama da k su ba ka ƙ, in ka haɗa da Shift ka sami babba. Haka za ka yi wa b da d. Mai aiki da mutanen Nijar ya ƙara ƴ, don ita suke rubutawa inda muke sa 'y.

Dabarar da ta fi saurin zuwa wa sabon shiga ita ce ya ce duk inda aka buga k da waƙafin sama, ta koma ƙ. A wasiƙa lafiya lau. A cikin lambar manhaja kuwa ɓarna ce: ka rubuta 'click', ta haɗiye alamar rufewa, ta bar maka 'clicƙ, ka wuni kana neman kuskuren da idonka ba ya kamawa. Shi ya sa ake ɗaura harafin a kan Alt na dama, maɓallin da ba ya cikin rubutun yau da kullum.

Idan ka danna bai yi ba, duba maɓallin da kyau. Kwamfutocin da suka fito daga Ingila AltGr ne a rubuce a wurin, kuma in an saita Windows a kan tsarin kibod na Ingila, Ctrl da Alt take gani a haɗe. Sai ka musanya >! da <^>! a farkon kowane layi. Idan kuma Æ™ ya fito a madadin ƙ, ko É— a madadin ɗ, harafin bai lalace ba. An ajiye shi a UTF-8 ne, wani kuma ya karanta shi da tsohon tsarin Windows na yammacin Turai. Buɗe fayil ɗin a Notepad++, ka duba kusurwar ƙasa ta dama, ka tabbatar UTF-8 ke nan. Wannan ciwon yana bin mutum har rumbun bayanai: tebur na MySQL da aka bari a latin1 yana iya ajiye alamar tambaya a madadin Ɗ, kuma wannan ba ta dawowa. Ka sa utf8mb4 tun kafin sunan farko ya shiga.

Saura AutoHotkey ta riƙa tashi da kanta. Danna Win+R, rubuta shell:startup, ka jefa gajeriyar hanyar hausa.ahk a foldar da ta buɗe. In ka buɗe wata manhaja da ikon admin, haruffan ba za su shiga cikinta ba sai ita ma AutoHotkey ka tashe ta da wannan ikon.