Dankali ne, amma a wane mai aka soya shi?

Kusan ko'ina haka abin yake faruwa. Mutumin da ba ya cin nama ya shiga gidan abinci, ya tsallake kaza, ya tsallake kifi, idonsa ya tsaya a kan soyayyen dankalin turawa. Ya tambayi mai kawo abinci ko akwai nama a ciki, ita kuma ta ce, "Haba, ai dankali ne kawai da mai da gishiri." Wannan amsa ita ce ke ƙona ran duk wanda ya san yadda ake sarrafa abinci, domin mai ba da ita ba ta leƙa kaskon suya ba, ba ta kuma karanta rubutun da ke jikin ledar dankalin ba. Zato ta yi, ta miƙa shi a matsayin tabbas.

Irin wannan zato ya taɓa jawo wa kamfanin gidajen abinci na McDonald's asarar dala miliyan 10. Shekara da shekaru kamfanin yana soya dankalinsa a Amurka da wani haɗi da kusan dukkansa kitsen shanu ne, sai ɗan man angurya. A 1990, bayan matsin lamba daga masu yaƙi da ciwon zuciya, ya sanar cewa ya koma man tsirrai zalla. Mabiya addinin Hindu, waɗanda saniya ke da alfarma a wurinsu, da sauran masu ƙaurace wa nama, suka saki jiki suka ci. Abin da ba a faɗa musu ba shi ne tun a masana'anta, inda ake yi wa dankalin suyar farko kafin a daskarar da shi, ana zuba wani sinadarin ɗanɗano da aka samo daga naman shanu. A jerin kayan haɗi kuwa, an rufe shi da kalmomi biyu masu ma'anar "ɗanɗano na halitta".

A 2001 wani lauya ɗan asalin Indiya, Harish Bharti, ya shigar da ƙarar kamfanin a birnin Siyatal na Amurka. Labari ya isa Indiya, jama'a suka fusata, aka farfasa wani reshen kamfanin a kusa da Mumbai, duk da cewa kamfanin ya ce dankalin da yake sayarwa a can ba shi da wannan haɗi. A 2002 McDonald's ya nemi gafara, ya kuma amince ya raba waccan dala miliyan 10 ga ƙungiyoyin masu ƙaurace wa nama, da na addini, da masu aikin ciyar da yara.

To, ko an daina? A Amurka har yau jerin kayan haɗin dankalin yana ɗauke da "ɗanɗanon naman shanu", kuma kamfanin ya bayyana cewa akwai alkama da madara a cikinsa. Wanda ko madara ba ya sha, ya fita daga lissafi ke nan. A Birtaniya kuwa, dankalin kamfanin nan ɗaya ana soya shi a man tsirrai cikin kasko na daban, kuma ƙungiyar masu ƙaurace wa nama ta ƙasar ta amince da shi. Suna ɗaya, jan kwali ɗaya, abin ciki daban. Don haka wanda ya ci a Landan hankali kwance ba shi da hujjar yin haka a Niyok.

Wasu wuraren ma ba ɓoyewa suke yi ba, alfahari suke yi da kitsen. A Beljiyam, suyar gargajiya ita ce a tsoma dankali sau biyu a narkakken kitsen shanu. Shagunan kifi da dankali da yawa a arewacin Ingila da kakide suke suya. A 2025 kamfanin Steak 'n Shake na Amurka ya koma kitsen shanu, yana tallar hakan da babbar murya. Wanda ya tambaya bara aka ce masa man tsirrai ne, bana sai ya sake tambaya.

Sai babbar matsalar, wadda ta fi duk waɗannan yawa: kasko ɗaya. Man na iya zama man gyaɗa tsantsa da safe. Zuwa azahar an soya cinyoyin kaza a ciki, an soya kifi, ga ɓurɓushin fata ya yi baƙi yana yawo a ƙasa, sannan a juye dankali a kai. Kitsen kazar ya riga ya narke ya gauraya da man, dankali kuma yana shan mai. Babu mataci da zai raba su. Ƙananan gidajen abinci, a Kano ne ko a Shikago, ba kasafai suke ware kasko don dankali kaɗai ba, saboda mai da wuta kuɗi ne. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ce wa mai saye "babu nama" alhali an san abin da ya shiga man tun safe. Masu gidajen abinci su koya wa ma'aikatansu cewa "bari in tambayo mai suya" amsa ce mai mutunci.

Mai saye kuma ya daina tambayar ko akwai nama, don wannan tambaya ce da ke jawo amsar banza. Ya ce: da wane mai ake suya? Me kuma ake soyawa a cikinsa? Dankalin nan ana feraye shi ne, ko daskararre ne daga masana'anta? In daskararre ne, ya nemi a nuna masa ledar ko takardar kayan haɗi, wadda manyan kamfanoni ke wallafawa don kowace ƙasa. In aka fara kame-kame, ya nemi dafaffen dankali ko gasasshe, ya kuma tabbatar ba a shafa masa kitse ba.

Musulmin da ya je karatu ko kasuwanci Turai da Amurka, mai gudun naman da ba a yanka ba, tambayoyin nan nasa ne shi ma. Sau da yawa dankali yake zaɓa don ya tsira, alhali a wasu gidajen abincin can, kaskon da aka soya dankalin shi ne aka tsoma tsiran alade a ciki minti goma da suka wuce.