Tsakanin LVN da OTA: Wace Sana'ar Lafiya Ta Fi Dacewa a Amurka?

A Amurka akwai sana'o'in lafiya biyu da ke jan hankalin mai son shiga aikin asibiti ba tare da ya share shekara huɗu a jami'a ba. Ta farko ita ce aikin jinya na ƙaramin mataki, wanda jihohin Kalifoniya da Tekzas ke kira LVN, sauran jihohi kuma LPN. Ta biyu ita ce OTA, wato mataimakin ƙwararren da ke koya wa majinyaci komawa ayyukansa na yau da kullum. Dukansu kula da marar lafiya ne, amma yinin wannan ba irin na wancan ba ne.

Nas ɗin LVN yana aiki ƙarƙashin babban nas mai lasisin RN ko likita. Shi ke gwada hawan jini da sukari, ya raba magani a kan lokaci, ya wanke gyambon da doguwar kwanciya ta haifar, ya rubuta duk canjin da ya gani. Da yawansu a gidajen kula da tsofaffi suke, inda aikin dare da na ƙarshen mako ba ya ƙarewa. Karatun yakan ɗauki kamar shekara 1, sai jarrabawar NCLEX-PN.

Aikin OTA kuwa na haƙuri ne da maimaici. Dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki zai zauna bakin gado yana koyon saka riga: hannun da ya shanye ake fara zurawa, sannan lafiyayyen. Za a ba shi cokali mai kaurin mariƙi, a tsaya kusa da shi har ya kai loma baki da kansa. Wani OTA ɗin a makaranta yake, yana koya wa yaro riƙon fensir. Galibi aikin rana ne. Karatun shekara 2 ne, da horo a wurin aiki na aƙalla mako 16, sai jarrabawar NBCOT da lasisin jiha.

Ta fuskar albashi OTA ne a gaba. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka na Mayun 2023 sun nuna matsakaicin albashinsa kusan dala 67,000 a shekara, na LVN kuma kusan dala 60,000. Sai dai guraben LVN sun haura 600,000, na OTA kuwa 'yan gomomin dubbai ne kawai, don haka a ƙaramin gari neman aikin OTA yakan yi wuya. Tun shekarar 2022 kuma inshorar Medicare kashi 85 cikin 100 na cikakken kuɗin aikin take biya a kan wasu ayyukan da OTA ya yi, abin da ya sa wasu masu ɗaukar aiki ke ƙara lissafi.

Babban abin dubawa shi ne ina hanyar ta nufa. LVN yana da gada zuwa RN: makarantu da yawa suna lissafa masa karatun da ya riga ya yi, yana aiki yana karatu, daga nan ƙofofin jinya a buɗe suke. OTA da ke son zama cikakken ƙwararre kuwa sai ya yi digiri na biyu, wanda ke cin kuɗi da shekaru. Wannan bambanci ya fi ratar albashin farko nauyi, kuma shi masu zaɓar sana'a sukan manta.

Saboda haka mai iyali da ke buƙatar albashi da wuri, wanda zai jure kwanan asibiti kuma yake hangen RN, LVN ta fi masa. Wanda ke son aikin rana, yake jin daɗin koyarwa, kuma zai gamsu ya daɗe a mataki ɗaya, OTA ta fi dacewa da shi. Kafin yanke shawara yana da kyau ya nemi izinin bin mai kowace sana'ar na yini guda ya gani da idonsa. Kada kuma ya biya ko sisi sai ya tabbatar hukumar jinya ta jiharsa ta amince da makarantar LVN ɗin, ko hukumar ACOTE ta tantance ta OTA, domin galibi ba a barin wanda ya fito daga makarantar da ba a amince da ita ba ya zauna jarrabawar lasisi.